Ni da Surukata da Gwiwoyinta, Daga Sabuwa Zuwa Ƙanƙara

Tun da na dawo, ba na zama a bakin shagona na ɗinki sai wani ya tsaya ya ce, "Malam Isa, wai da gaske ne ka goyi surukarka a Sabuwa?" Na gaji da ba kowa amsa ga allura a bakina. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda tafiyar ta kasance, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, a bar ni in yi wa mutane ɗinkinsu.

Matata Rabi ta rasu a tsakiyar daminar bara. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Abin da ya shafi tafiyar shi ne, kafin ta kwanta ta yi wa mahaifiyarta alkawarin za ta je ta ɗauko ta a duba mata gwiwoyi, don akwai likitar ƙashi da ke zuwa asibiti a nan garinmu lokaci zuwa lokaci. Lokacin ya zo, Rabi ba ta nan. Da bazara ta kama, sai ga wayar ƙanenta Sale daga Kaduna. Ya ce Inna ta kai ga rarrafe in za ta kewaya, kuma in ruwa ya sauka ba ta iya tsayawa da ƙafarta ba, zai zo ya sa wa gidan ƙauye kwaɗo ya tafi da ita. Sale a bene yake haya. Matar da dokin ƙofa ke gagara, in aka hau da ita bene ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Ita kuwa Inna ta ce gidan da aka kawo ta tana amarya, daga shi sai kushewa.

Sai na ga babu mai cika alkawarin nan sai ni. Amma akwai matsala. Rabi 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ta Ƙanƙara" take ce mata. Ni kuma mijin 'yar fari, kunyar ta ninku. Duk shekarun da muka yi da Rabi ban taɓa ganin fuskar Inna sosai ba. A zaure nake tsugunawa in gaida labule, labule ya amsa. Ba ta cin abinci in ina wuri, ba na ci in tana wuri. Da wannan baiwar Allah zan yi tafiya.

Zuwa bai ba ni wahala ba. Na yi sammako, don kowa ya san a hanyoyinmu yanzu ba a bari la'asar ta riske ka. Daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa, daga nan Dandume, sai Sabuwa, sai ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen. Mutanen wajen suna da wata al'ada da haƙorana ba su manta ba: kafin a gama amsa maka sallama an miƙo maka rake, kuma suna tsaye suna kallo sai ka ɓare shi da baki. Mu da muka saba a tarbi baƙo da ruwa da fura, sai na ga kamar jarrabawa ce.

Wadda ta tarbe ni ita ce Saude, ƙanwar Rabi, autar gidan, kowa Auta yake ce mata. Tana aure nan cikin ƙauyen, da 'ya'yanta. Ita ce abokiyar wasana, kuma ita kaɗai ke iya gaya wa Inna duk abin da ya zo bakinta. Na tsuguna a zaure, ta tsaya tsakani, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Na ce, "Ki ce da Inna na zo cika alkawarin da aka yi mata, in ta amince."

Ta leƙa ciki ta ce, "Inna, mijin Yaya ya ce ki tattara tsummokaranki, ba shi da lokacin wasa."

"Auta! Yaushe na ce haka?"

"Ya ce ma ki yi sauri."

Daga bayan labule Inna ta ce, "A ce da Malam an gode. A ce mashi lafiyata lau, ga shi har ƙiba na yi."

Auta ta juyo. "Ta ce kai ne mai buƙatar likita, ka rame kamar sillen kara."

Bayan nan Auta ta zauna ta ba ni labarin ƙibar. Ciwon ya daɗe. Da safe gwiwoyin su sandare, in ta ɗan motsa su saki, in ta yi aiki su kumbura. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne, wankin rafi ne ya jawo. Wanzami ya yi tsaga, ya yi ƙaho. An shafa man kaɗanya, an shafa wani abu da aka ce kitsen mesa ne. Daga ƙarshe aka haɗa ta da wani mai tallar magani a keke, yana ƙulla mata ƙwayoyi kala-kala a leda, haɗi suke ce mashi. In ta sha ciwon ya kwanta, in ta fasa ya taso da fushi. Fuskarta ta yi fam, mata suna yi mata barka da murmurewa, ƙafa kuwa kullum baya take yi.

Muka yi ta lallashi, Inna ta ce ba inda za ta. Can Auta ta kashe mani ido, ta ɗaga murya.

"Inna, ya ce in ba ki fito gobe da safe ba, zai shigo har ɗaki ya goye ki a gaban mutanen gari."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai muka ji an ce, "Innalillahi. A ɗauko mani mayafina na unguwa."

An sauke ni a shagon wani maƙwabci, ni da buhunan masara da ɓerayen da ke gadinsu. Aka aiko da tuwon masara fari tas, malmala kamar kan yaro, da miyar kuɓewa busasshiya. Mu 'yan tuwon dawa mukan yi wa nasu dariya, mu ce ba ya riƙe ciki, amma ranar da na samu dama da na share kwanon. Sai dai suruki ba ya cinye tuwon gidan surukai, kuma Auta ta riga ta ce mani Inna da kanta ke duba kwano in an maido. Na ɗan taɓa gefe na rufe. Ɓerayen ma sun fi ni kwana da ƙoshi.

Da safe na fara ganin Inna a tsaye, Auta na riƙe da ita, ta ja mayafi har hanci. Aka ɗora ta a babur, Auta ta hau bayanta. Ƙafar dama ba ta lanƙwasuwa, sai aka bar ta a miƙe a gefe, tana share ciyawar bakin hanya. Wata akuya da ba ta kauce da wuri ba ta sha shuri.

A tashar Sabuwa ɗan kamasho ya duba ƙafar ya ce sai dai gidan gaba. Gidan gaba kuwa mutum biyu ake sa wa, kuma ya ce a kawo wanda ya fi kowa rama. Duk tasha aka juyo aka dube ni. Inna ta ce da Auta, a hankali amma kowa ya ji, "Gara a sa ni a but, wurin kaya." Ba a sa tsohuwa a but. Ni aka sa, tare da buhun barkono da kaji biyu, aka ɗaure murfin da igiya ya ɗan buɗe don iska.

A wani shinge jami'an tsaro suka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Wanda ya zo wurinmu mutumin kudu ne, Hausar tasa ta bariki. Ya ga ƙafar Inna ya ce ta yi zamanta. Ya zagayo ya kwance but, sai ga ni ina atishawa.

"Wannan fa? Kaya ne ko mutum?"

Auta ta ce, "Surukinta ne, ranka ya daɗe. Kunya yake ji."

Da aka yi mashi bayani ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce a garinsu in ya je gida uwar matarsa rungume shi take yi, su ci a kwano ɗaya, har ta tsame nama ta sa mashi a baki. Inna ta ƙara jan mayafi ta ce, "A'uzubillahi." Ta yi ta maimaitawa har Dandume.

A Funtuwa muka canza mota. Direban ya ce zai ɗan leƙa 'Yankara ya sauke kaya, ranar kasuwa ce, yanzu-yanzu za mu juyo. Yanzu-yanzun nan ta cinye mana rabin yini. Muna zaune a inuwa, Inna ta ba ni baya na ba ta baya, ga wani mai magani da lasifika yana cewa kwalba ɗaya tana maganin sanyin ƙashi da basir da shawara da yawan mantuwa. Inna ta ce Auta ta je ta tambayo ko yana da haɗi, nata ya kusa ƙarewa. Auta ta tafi, ta dawo da tsire mai zafi a takarda. Ta zauna tsakaninmu ta buɗe.

"Inna, bismillah." Shiru. "Mijin Yaya, bismillah." Shiru. "To ku ci gaba da kunya, ni ba ni da suruki a nan."

Ta cinye tas, har tana tsotsar tsinke. Cikin Inna ya yi ƙara, nawa ya amsa. Wannan ce hira ta farko da muka yi ba tare da ɗan aike ba.

Kafin mu kai Ruwan Godiya rana ta yi sanyi, direba ya ce shi daga nan ba ya ƙara taku. Allah ya sa Auta na da ƙawa a garin, wadda ta haihu, washegari suna. Suka karɓe mu hannu biyu. Da gari ya waye na fito da shirin tafiya, sai na tarar da Auta ta sha lalle ta ɗaura ɗankwalin biki.

"Ku ƙarasa, ni sai an ci suna. Ƙanƙara ba nisa."

"Auta, ki ji tsoron Allah. Wa zai riƙa gaya mata magana?"

"Baki gare ka, kunne gare ta."

Haka ta cusa uwarta a mota ta koma ciki. Da farko mun yi aike da direba, sannan da wata mata mai kwandon tumatir. Da matar ta sauka, direba kuma ya kunna rediyo, sai na ji Inna tana magana da ƙullin kayanta da ke bisa cinyarta.

"Ƙullin ga ya gaji. Yana so ya san ko da saura."

Na dubi ƙullin na ce, "A ce da ƙulli an kusa."

Daga nan ƙulli ya zama ɗan aikenmu, kuma ya fi Auta amana nesa ba kusa ba.

A asibiti mai yankan kati ya tambayi sunanta. Ni ba zan faɗi sunan surukata ba, ita ba za ta faɗa ina tsaye ba. Sai da na kira Auta na miƙa mashi waya, ana ta guɗa a bayanta. Likitar kuwa yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Da na ce zan jira a waje ta ce a'a, ni zan riƙe bayanin. Na ja kujera na fuskanci bango, inda aka manna hoton ƙwarangwal. Ni da shi muka yi ta kallon juna.

Na ji likita ta ce, "Mama, wa ya yi maki wannan zane a gwiwa? Ai ko ƙwaryar amarya ba ta sha ado haka ba."

"Wanzami ne. Jinin sanyi ya fitar."

Ta lanƙwasa ƙafar, na ji wani ƙurus-ƙurus kamar ana taka tsakuwa. Aka ɗauki hoton ƙashi, muka dawo, na koma wurin ƙwarangwal ɗina. Ga abin da na riƙe. Ta ce a bakin kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda ake gani a kan ƙashin kaza, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Na Inna ya cinye. Shekaru ne, da tulu da itacen da aka ɗauka, da yawan tsugunno, wani lokaci da gado, nauyin jiki kuma yana ƙarawa. Ta ce ruwan rafi ba shi da laifi, sanyi yana iya tayar da ciwon amma ba shi ya kawo shi ba. Abin da ya cinye ba ya tsirowa, kuma aska ba ta kai wa wurin.

Da aka zazzage ledar haɗi a tebur sai muryarta ta canza. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. A cikin ƙwayoyin akwai mai cin ciki har ya yi gyambo, akwai mai rage wa ƙashi ƙarfi ya jawo ciwon suga. Amma kada a yanke shi rana ɗaya, jiki ya saba, ita za ta tsara yadda za a riƙa ragewa. Sannan ta lissafa abin yi: a zauna a riƙa miƙe ƙafa ana ɗagawa don naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwa aiki, a ɗan taka kullum, a gasa da tsumma mai ɗumi, a shafa maganin da za ta rubuta, na sha kuma sai an ci abinci. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar da ta fi ciwo. A yi mata mazauni mai tudu a bayi. Salla kuma a kan kujera. Ta ce akwai aikin da ake yi a manyan asibitoci, amma ba a kai nan ba tukuna.

Inna ta ce, "In na yi wannan duka, zan zauna ɗakina?"

"In kin yi, ban ga abin da zai fitar da ke ba. In kuwa kika ci gaba da durƙusa wa gwiwar nan, rarrafen ma zai gagara."

"Sanda na ji. Gashi na ji. Amma kujera? In gaida Ubangijina ina hakimce kamar mai gari?"

"Mama, ki tambayi kowane malami, an halatta wa mara lafiya."

"Na sani an halatta. Ni ce ban iya ba."

Likita ta yi, nas ta yi, Inna ta ƙi. Muna fitowa ta dubi ƙulli ta ce, "A ce da Malam a kai ni tasha." Na san in ta hau motar nan haka, tasharta ta ƙarshe benen Sale ne.

Na ce da ƙulli azahar ta yi, gida na kusa, a yi salla tukuna. Inna ba ta taɓa taka gidana ba, ko gaisuwar mutuwa aike ta yi, ga ƙafa ga kunyar 'yar fari. Amma ba ta wasa da lokacin salla. Muka je.

Ɗakin Rabi tun rasuwarta ban cika buɗe shi ba. A bayan ƙofa akwai wata kujera da ta sa kafinta ya yi wa Inna kafin ta kwanta, mai hannuwa biyu da za a dafa a miƙe. Ranar da ya zo awo, ita ta tsaya ya auna ƙafarta, ta ce tsawonsu ɗaya da Inna. Matashin kujerar ni na ɗinka, da ragowar wata shuɗiyar atamfa da Inna ta aiko mata da ita da salla. Na buɗe ɗakin, na yaye zanen da aka rufe kujerar, na ajiye buta a bakin ƙofa. Ban ce komai ba, ko da ƙulli. Na koma tsakar gida na zauna na ba ɗakin baya.

An daɗe ban ji motsi ba. Sai na ji katako ya yi ƙara. Sai na ji kabbara.

Bayan ta sallame sai ta yi kira.

"Malam."

Na jira in ji "a ce da", ban ji ba. Na ce, "Na'am, Inna."

"Rabi ce ta auna?"

Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na ce, "Ita ce, Inna. Da ƙafarta."

"Ta ƙara tsawo kaɗan. Dama kullum gani take ta fi ni tsawo."

Akwai abin da na ji daga cikin ɗakin, amma ba na rubutawa ba ne.

Can ta gyara murya. "Garin ga babu fura, ko duk kunya kuke ci? Likita ta ce sai da abinci a ciki."

"Akwai, Inna."

"To sayo. Ka zo da ludayi biyu. Amma ka juya baya."

Haka muka sha, ita a bakin ƙofa bisa kujera, ni a ƙasa ina kallon katanga, ƙwarya a tsakani, kowa na miƙa hannu ta baya. Rabin furar a tabarma ta ƙare.

Auta ta iso bayan kwana biyu tana warin naman suna, ba ta ko ba da haƙuri ba. Muka maida Inna tare. Daga Sabuwa zuwa ƙauye babur ba shi da wurin kujera, sai na ɗaure kujerar a bayana da zane, Auta ta lulluɓe ta da tsohon mayafin Inna wai kada matashin ya yi datti. Su suka riga ni shiga gari ta bayan gida. Ni kuwa ɗan acaɓana ya bi ta bakin kasuwa, ga abu a bayana da mayafin da kowa ya sani, ga ƙafafu sun leƙo. Duk wanda ya tambayi Auta sai ta ce, "Ai dama ya ce zai goye ta." Wannan shi ne goyon da kuka ji.

Ruwan farko ya sauka makon jiya. Sale ya zo da kwaɗonsa kamar yadda ya ce. Auta ta gaya mani a waya ya tarar da Inna tsaye a ƙofar ɗakinta, fuska ta saɓe, ciwon na nan amma tana takawa har zaure. Ta nuna mashi hanyar Kaduna da abin da ke hannunta, ya koma da kwaɗonsa a aljihu. Inna ta ce a gaya mani matashin kujera ya fara kwanciya, in zo da allura, kuma wannan karon za a duba kwano, in aka ga saura ba za a ji daɗi ba.

Wanda bai gamsu da maganar goyo ba, hanyar Sabuwa a buɗe take, ya je ya tambaye ta da bakinsa. Ya dai sani sanda gare ta yanzu.